"Doki nawa ne?": tambayar da ke ƙona moton ƙugiya

Tun da masana'antar shinkafa ta WACOT ta fara aiki a Argungu a 2017, ga kuma Labana a Birnin Kebbi, injinan ɗaga kaya sun daina zama baƙi a yankinmu. Hatta masu gyaran inji da magina a Badariya suna neman ƙaramar ƙugiya mai aiki da lantarki. Sai dai har yanzu idan za a sayi motonta, tambaya ɗaya ake yi: doki nawa ne? Wannan tambayar ta gaza, kuma ita ce ke kai moto da yawa wajen masu naɗin waya tun bai tsufa ba.

Mu yi lissafi. Ɗaga tan 1 zuwa tsayin mita 8 cikin minti ɗaya yana cin kilowat 1.3 ne kacal, wato bai cika doki biyu ba. Ashe ba a nan wahalar take ba. Tana wajen tashi. Duk sanda aka kunna moto kai tsaye, yakan zuƙi wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da ya saba ci, kuma mafi yawanta zafi take zama a cikin wayar. Moton da ke jan bokitan hawar da shanshera a injin casa sau ɗaya yake tashi, ya yini yana juyawa, fankarsa na sanyaya shi. Na ƙugiya kuwa ya tashi, ya tsaya, ya koma baya, sau da dama cikin awa guda.

Shi ya sa ƙa'idar duniya ta IEC 60034-1 ta raba aikin moto gida goma, daga S1 zuwa S10. S1 na mai aiki ba tsayawa ne. Idan ka ga S3 40% a farantin jikin moto, ma'anarsa aikin minti 4, hutun minti 6. S4 kuma yana lissafa zafin yawan tashi. Wanda ya ciro moton famfon ruwa ya ɗora wa ƙugiya don dokinsu ɗaya, ya haɗa abin da bai haɗu ba.

Amma ita ma ƙa'idar ba ta tsira daga suka ba. Alkaluman farantin sun ginu ne a kan cewa zafin wurin ba zai wuce digiri 40 ba. To, wa ya zauna Birnin Kebbi a watan Afrilu? A inuwa ma ana wuce haka, balle ƙarƙashin rufin kwano inda moton ke rataye. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ƙarin digiri 10 a kan ƙa'ida yana rage kusan rabin rayuwar rufin wayar. Ga ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna toshe hanyar iska.

Sai batun wuta. Ƙarfin juyin moto yana bin ƙarfin wuta sau biyu: wuta ta ragu da kashi 10, juyin ya ragu da kusan kashi 19. Ga fanka, wannan gajiya ce kawai. Ga ƙugiya, kaya ne za su tsaya a sama da mutane a ƙarƙashi. Nan ne birki ya zama tilas, irin wanda sifirin ke matse shi, lantarki ke sakin sa, ta yadda da an ɗauke wuta zai kama da kansa. Moton famfo ba ya zuwa da shi.

Masu ƙera moton ba su yi ƙarya ba, sun rubuta sharuɗɗansu a farantin. Laifinsu shi ne ɗaukar yanayin wasu ƙasashe a matsayin ma'aunin kowa. Namu shi ne ƙin karantawa. Kafin ka biya kuɗi, duba harafin S, ka nemi rufin waya ajin F ko H, ka ƙara girman moton saboda zafinmu, sannan a gwada birkin a gabanka da kaya a rataye.