Ɗakin Aro: Nazari kan Gidajen Keɓewar Marubuta

A dajin da ke gefen garin Peterborough, a jihar New Hampshire ta Amurka, akwai ɗakuna wajen 30 a warwatse cikin itatuwa, kowanne nesa da ɗan'uwansa. Kullum da tsakar rana ma'aikaci kan zagaya ya ajiye kwandon abinci a bakin kowace ƙofa, ya juya abinsa, ko ƙwanƙwasawa ba ya yi. Wanda ke ciki, marubuci ne ko mai zane ko mai tsara kiɗa, sai ya ga dama yake leƙowa ya ɗauka. Ba mai taka ɗakin wani sai an gayyace shi. Sunan wurin MacDowell. Tun 1907 ake wannan hidima, a gonar da Marian MacDowell da mijinta Edward suka sadaukar, kuma wanda aka zaɓa ba ya biyan ko sisi. James Baldwin ya zauna a nan, haka Thornton Wilder ya yi aikin wasansa Our Town a nan. A bangon kowane ɗaki akwai allunan katako da mutanen da suka taɓa zama suka rubuta sunayensu, ta yadda sabon zuwa zai ɗaga kai ya ga waɗanda suka riga shi zama a kujerar.

Yaddo, da ke Saratoga Springs a jihar New York, ta fara karɓar baƙi a 1926 da irin wannan tsari, har da dokar yin shiru daga safe zuwa la'asar. A can Patricia Highsmith ta yi aikin littafinta na farko a 1948. Daga baya al'adar ta ƙara bazuwa, yau ana samun ire-irensu a tsoffin fadoji na Italiya, da tsibirai, da harabar jami'o'i. Tunanin da ke ƙarƙashinsu guda ne: rubutu na cin lokaci, rayuwa kuwa ba ta bayar da shi kyauta, don haka bari wani ya ɗauke wa marubuci girki da haya da hayaniya na ɗan wani lokaci.

Sai dai abubuwa biyu ne ake kira da suna ɗaya, kuma a ganina rashin bambance su ne ke sa a yi ta kashe kuɗi a inda ba su da amfani. Akwai gidan shiru, irin MacDowell da Yaddo. Akwai kuma gidan koyo, inda ake kwana tare da malamai. Na farko na wanda ya riga ya san abin da yake rubutawa ne. Sabon marubuci, ka ba shi ɗaki da abinci na wata biyu, zai fito maka da shafi 200 ɗauke da kuskuren da yake yi a shafi 10. Bai san inda labarinsa ke mutuwa ba, bango kuwa ba zai gaya masa ba. Gardi kan bar gari ya shiga kiskadi don ya samu natsuwar tilawa, amma duk daɗewarsa a can dole ya kai allonsa darasu a duba masa satu.

Gidan koyon da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Arvon ta Ingila. Mawaƙa biyu, John Moat da John Fairfax, suka fara ta a 1968 a yankin Devon, bisa ra'ayin cewa rubutu sana'a ce da ake ɗauka daga hannun mai yin ta, a zaune tare da shi. Daga baya ta samu gidaje a karkara: Totleigh Barton a Devon, da Lumb Bank a Yorkshire wanda da gidan mawaƙi Ted Hughes ne, da The Hurst a Shropshire inda marubucin wasan kwaikwayo John Osborne ya yi ƙarshen rayuwarsa.

Tsarin makon bai cika canzawa ba. Ana isowa ranar Litinin da yamma, a watse Asabar da safe. Ɗalibai goma sha wani abu, malamai biyu, dukansu marubutan da suka wallafa. Da safe a zauna a tebur guda a yi atisaye: malami ya ba da abin rubutawa, a ba kowa 'yan mintoci, sannan a karanta. Da rana kowa ya koma ɗakinsa, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya su gana da malami a kan abin da suka rubuta. Daren Talata malamai su karanta nasu aikin, Laraba a kawo baƙon marubuci daga waje, Juma'a kuwa ɗalibai ne ke tashi su karanta a gaban kowa. Abincin dare ɗaliban ne ke girkawa, rukuni-rukuni.

Wannan girkin ba don tsimi kaɗai aka sa shi ba. Mutumin da kuka yanka albasa tare da shi jiya, yau in ya ce maka babinka na biyu ya yi sanyi, za ka saurare shi da wani kunne daban. Sabon marubuci yana da saurin jin rauni, kuma suka daga bakin baƙo takan sa ya ja daga maimakon ya gyara. Zama a gida ɗaya yana sassauta wannan. Haka daren Juma'a: sanin cewa nan da kwana huɗu za ka tsaya ka karanta da bakinka yana fitar da rubutu daga mutumin da ya shekara yana cewa zai fara gobe. Kuma kunne ba ya yafe abin da ido ke tsallakewa. Duk jimlar da ta yi tsawon banza, numfashin mai karantawa ne zai fara tona mata asiri.

Amma zuciyar makon ita ce ganawar nan ta rana, wadda ba ta wuce kimanin rabin awa ba. A nan ne mai ido zai ɗauki shafi biyar, ya ja layi a kan biyun farko, ya ce labarin daga na uku ya fara. Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na zamani ya san irin shafukan da ake nufi: tsarin falon Alhaji, launin labule, sunan motocin da ke harabar gida, dogon hanci da yalwar gashin yarinya, alhali har yanzu ba wanda ya motsa. Marubuciyar irin wannan littafi ba ta rasa basira ba. Ba ta taɓa samun wanda zai zauna kusa da ita da biro ya ce, "Malama, wannan duk cire shi, ki ga ko labarin ya rasa wani abu," ba. Darasin minti biyar ne, amma akwai masu littafi 20 a kasuwa da ba su taɓa jin sa ba.

Arvon tana da nata aibin, kuma babba ne: kuɗin mako guda ya kai ɗaruruwan fam. Akwai tallafi ga marasa hali, amma duk da haka wanda ke iya barin aiki da iyali na kwana shida ya riga ya fi wasu gata. Gidajen kyauta su ma ba su tsira daga wannan ba, domin ɗakin ne kyauta, jirgi da biza da abin da za a bar wa iyali suna wuyan mai tafiya, sai inda aka yi sa'ar samun ɗan guzuri. Wannan ne ya sa nake ganin hikimar Hedgebrook, wadda Nancy Nordhoff ta buɗe a 1988 a tsibirin Whidbey na jihar Washington, don mata kawai. Ƙananan ɗakuna shida ne, kuma ka'idar gidan ita ce macen da ta saba yi wa kowa hidima, a nan ita ake dafa wa. Ayobami Adebayo, mai littafin Stay With Me na 2017, tana cikin waɗanda suka zauna a can.

Sai batun da masu shirya irin waɗannan zama ba sa son a taɓo: mai biyan kuɗin ɗaki yana da hannu a littafin, ko bai ce uffan ba. Shirin marubutan duniya na Jami'ar Iowa, wanda Paul Engle da Hualing Nieh suka kafa a 1967, ya tara marubuta daga ƙasashe fiye da 100, kuma ya daɗe yana dogara da kuɗin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka har zuwa 2025. Eric Bennett ya nuna a littafinsa Workshops of Empire na 2015 yadda siyasar yaƙin cacar baka ta shiga cikin samar wa Iowa kuɗi. Ba sai an ce wa marubuci rubuta kaza ba. Ya isa a zaɓi wane a bar wane, masu neman gurbi da kansu za su karanci abin da ake so. A Afirka an yi wannan muhawara a kan gasar Caine, wadda ke tara matasan marubuta kusan goma sha biyu a wata ƙasar Afirka su kwana goma suna rubutu, a buga labaransu a kundi. Helon Habila, ɗan Kaltungo da shi kansa ya ci gasar a 2001, ya yi tambaya a wani sharhi a 2013 ko ba a fara samun wani salo na tara wahalhalun Afirka a labari ɗaya don burge alƙalan waje ba. Tambayar ta yi zafi domin daga ɗan gida ta fito.

A Nijeriya, misalin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne Ebedi, a garin Iseyin na jihar Oyo, garin masaƙa. Dokta Wale Okediran, likita, tsohon ɗan majalisar wakilai kuma tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, shi ya buɗe gidan a 2010. Ana zaman mako shida, kuma sharaɗi ne baƙon ya riƙa ganawa da ɗaliban sakandaren garin yana koya musu rubutu. Wannan sharaɗin ya burge ni, domin ya hana gidan zama tsibiri a tsakiyar mutanen da ba su san me ake yi a cikinsa ba. Kwatanta shi da Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa da ke Mpape a Abuja: tun 1985 aka ba da filin, aka shafe fiye da shekara 30 kafin gini ya tsaya a kansa. Ebedi gida ɗaya ne a ƙaramin gari, amma a shekarun da ake jiran wancan, tuni ya yaye marubuta daga ƙasashen Afirka da dama.

Adabin Hausa ba baƙo ne ga wannan al'ada ba, ko da yake ba mu saba kallonsa ta nan ba. Bayan gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Rupert East na Hukumar Talifi ya nemi a ba shi aron Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina. A 1936 Imam ya bar aji ya koma Zariya na kimanin wata shida, ba shi da wani aiki sai rubutu. An tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, ga East a kusa yana karantawa suna tattaunawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku. Duk sinadaran suna nan: an ɗauke masa aikin yau da kullum, an ba shi abin karantawa, an sa masa wa'adi, ga kuma mai gyara a gefe. Hannun mai biyan kuɗi ma yana nan, domin littafin karatun makarantun boko Turawan mulki suke so, shi kuma suka samu. Gwanintar Imam ce ta sa aikin ya fi ƙarfin manufar da aka yi shi dominta, har aku waziri ya zama namu.

Abin mamaki shi ne yadda aka bar wannan tsari ya tafi da zamaninsa. Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka buga littattafansu da kuɗinsu, suka gina kasuwar da ba hukumar da ta gina musu. Abin da ba su samu ba shi ne lokaci da edita. Yau lamarin ya ƙara tsananta. Mafi yawan masu rubuta ƙagaggun labarai da Hausa mata ne, da yawansu a waya suke rubutawa, tsakanin ɗora tukunya da shirya yara makaranta, su tura shafin yau a zauren WhatsApp, masu karatu na jira suna cewa a ci gaba. Labarin da ake sakinsa kullum ba shi da damar komawa baya a gyara babi na farko bayan an gano ƙarshensa. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, tun daga 2016, ta nuna yawan masu hannu a cikinsu. Gasa dai tana tantance abin da aka riga aka rubuta ne, ba ta zama da mutum ta nuna masa yadda zai sake shi. Gidajen keɓewa na waje kuwa, kusan dukansu da Turanci ake neman gurbinsu, da samfurin rubutu da takardar shaida da bayanin kai, don haka mai rubutu da Hausa zalla ko bakin ƙofar ba ta isa ba.

Kwafo tsarin MacDowell zuwa nan ba zai yi aiki ba. Matar aure mai goyo ba za ta bar gida mako shida ba, kuma shiru ba shi ne babban abin da ta rasa ba. Tsarin Arvon ya fi kusa da bukatarmu: kwana biyar a lokacin hutun makaranta, mutum goma zuwa sha biyu, zaman mata daban da malamai mata, a yarda mai goyo ta zo da mai raino, komai kuma da Hausa, tun daga takardar nema har zuwa gyara. A zaɓi mutane da ingancin shafi goma da suka turo, ba da sanayya ba. A rage jawabin manyan baƙi da rabon takardar shaida, waɗanda su ne ke cinye yawancin tarukan bita da ake yi mana, a mayar da lokacin ga ganawar mutum ɗaya da edita ɗaya.

Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da ɗakunan kwana da ke zama fayau a lokacin hutu, rassan ƙungiyar marubuta suna da mutanen da suka iya gyara. Mai hannu da shunin da ke son yi wa adabin Hausa hidima, kada ya fara da sayen fili. Ya kama ɗaki goma sha biyu na mako guda, ya biya mai girki, ya biya editoci biyu kuɗi mai kauri, sannan ya janye hannunsa daga zaɓen waɗanda za su shiga.