Jinjina ga Malaman da Ke Bayan Tabarau

Wanda ya ɗaura tabaran duniyar kwamfuta, ya ga kansa cikin ginin da babu shi, ba ya tuna malamin da ya koyar da lissafin kusurwa, haske da inuwa. A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa irinsa a Harvard, wanda aka rataye a rufin ɗaki. Yau akan sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa. In ya yi jinkiri, jiri ya kama mutum.

Sannunku malaman kwamfuta na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Cikin zafin Adar kuke bin shirin ɗalibi layi-layi, kuna nemo waƙafi ɗaya da ya hana komai tashi.