Kofin Ruwa a Shagon Mai Gwal

Gwaggona ta kwance bakin mayafinta ta fito da awarwaron da take ajiye da shi tun aurenta, ta ɗora a teburin wani dattijo mai sayen gwal a cikin birnin Kano. Kuɗin makarantar jikanta ne ya taso, ni kuma rakiya ce tawa. Dattijon ya juya awarwaron a tafin hannu, ya ɗan jinjina shi, ya ɗora a sikeli. Giram 20 cif. Sai ya ce, "Hajiya, a ɗan yi haƙuri, bari mu ji ta bakin ruwa."

Ya ɗauko kofin roba mai ruwa ya aza a kan sikelin, ya danna maɓalli lamba ta koma sifiri. Ya ɗaure awarwaron da siririn zare, ya zura shi a hankali har ruwa ya shanye shi, amma bai bari ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Hannunsa ko motsi. Ya kaɗa zaren kaɗan, wani ɗan kumfa da ya maƙale a jikin zanen awarwaron ya taso ya fashe. Lamba ta tsaya a 1.13. Ya raba 20 da 1.13 a na'urar lissafi, ya juyo mata da fuskar ta gani: 17.7. "Karat 22 ne, Hajiya. Wanda ya saya miki bai cuce ki ba."

Tun daga ranar nake ganin girman wannan aiki. Sikeli shi kaɗai nauyi yake faɗa, kuma nauyi ba ya shaidar komai, don giram 20 na tagulla da giram 20 na zinariya duk ɗaya ne a wurinsa. Tambayar da mai gwal yake yi ita ce: wannan nauyin, a cikin gurbi nawa aka cusa shi? Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun gero da buhun ƙaiƙayi ya san amsar tana bambanta abu da abu. Matsalar ita ce awarwaro ba bulo ba ne da za a sa masa magwaji a auna tsawo da faɗi. Yana da lanƙwasa, da zane, da lungu. Ruwa ne kaɗai ke shiga kowane lungu. Abin da ya nutse yana ture ruwa daidai girman jikinsa, kuma muddin zare na riƙe da shi, nauyin ruwan da aka ture shi ne sikeli ke nunawa. Ga kuma alherin da ke tattare da ruwa: gurbin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita ɗaya ne, wanda bai kai dunƙulen Maggi ba, ruwan da zai cika shi giram ɗaya ne. Don haka 1.13 ɗin nan nauyin ruwa ne, kuma shi ne girman awarwaron.

Zinariya tsantsa, wadda ake kira karat 24, ta ninka ruwa nauyi sau 19.3. Dalma, duk da nauyin da aka san ta da shi, 11.3 take. Azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9. Kusan duk abin da maƙeri zai gauraya cikin gwal don ya yi ƙwari ya fi gwal ɗin sauƙi, saboda haka yawan gauraye yana jawo lambar ƙasa. Da awarwaron gwaggona karat 18 ne, wato kashi uku cikin huɗu zinariya, da ruwa ya nuna wajen 1.29. Tsakanin 1.13 da 1.29 bai wuce ɗigon ruwa uku ko huɗu ba, amma a cikin ɗigon nan akwai kuɗin zangon karatu. Shi ya sa dattijon bai yi wasa da ɗan kumfan nan ba. Iskar da ta maƙale tana ƙara wa abu girman ƙarya, ta rage masa daraja, asarar kuwa a kan mai kawo kaya take faɗawa. Mai son zuciya zai iya kau da kai ya bar kumfan. Shi wannan sai da ya maimaita awon sau biyu, ya goge awarwaron ya bushe kafin na biyun.

Dabarar tsohuwa ce. Ana danganta ta da Arkimidis, masanin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma labarin da ake bayarwa shi ne sarki Hiyero ne ya zargi maƙerin kambinsa da zuba azurfa a ciki. Malaman Musulunci sun kai abin nesa. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wani tulu mai ɗan bututu a wuya, yana jefa ƙarfe ko dutse mai daraja a ciki, ya tari ruwan da ya zubo ya auna. Lambar da ya samu ta zinariya ta ɗara 19 kaɗan, dab da wadda ake aiki da ita yau. Bayansa Alkhazini, a birnin Marwa wajen shekarar 1121, ya rubuta Mizanul Hikma, inda ya yi bayanin ma'auni mai faranti biyar, ɗaya daga cikinsu a nutse cikin ruwa. Mu ma ba baƙin awon gwal ba ne: da miskali fatake suka yi ciniki, kuma har gobe nisabin zakkar zinariya miskali 20 ne, wajen giram 85.

Kai, ko a tasha ana ganin ƙanwar wannan hikima. Mai sayen ƙwan zabi yakan nemi kwanon ruwa ya zuba su. Mai kyau ya kwanta a ƙasa, baragurbi ya taso, domin ruwan cikinsa ya ragu iska ta maye gurbin.

Abin da ya fi burge ni ga dattijon shi ne ya san inda ruwa ke daina faɗin gaskiya. Muna zaune wata yarinya ta kawo ɗan kunne mai duwatsu, bai ko kusantar da shi kofin ba. Ya ce dutsen zai ɓata lissafi, haka ma awarwaro mai rami a ciki, wanda ke riƙe iska ya fito kamar na banza alhali gwal ne mai kyau. Irin waɗannan sai ya goga a baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen ya ga ko zai ɓace. Akwai kuma wani ƙarfe, tangistan, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinariya, har idan aka lulluɓe shi da gwal ruwa ba zai tona shi ba. A nan sai a koma ga zarto da ido da shekarun da mutum ya yi a sana'a.

Gwaggona ta ƙirga kuɗinta sau biyu ta ƙulle a inda awarwaron ya fito. Da muka miƙe, dattijon ya zubar da ruwan kofin a bakin ƙofa, ya cika shi da sabo, ya warware wani zaren, don wata mata ta riga ta zauna tana kwance ƙullin gyalenta.