Kaki biyu na Gatsby

Yawancinmu a fassarar Faransanci, Gatsby le Magnifique, muka karanta littafin da Fitzgerald ya wallafa a 1925, muka ɗauke shi labarin soyayya kawai. Alhali labarin sutura ne. A 1917, a garin Louisville, kakin hafsa ne ya rufa wa Gatsby, ɗan talakawa, asiri har ya samu shiga gidan su Daisy. Ya tafi yaƙi Faransa, ita kuwa ta auri mai dukiyar gado a 1919. Da Amurka ta haramta cinikin barasa, daga 1920 zuwa 1933, sai ya sami kaki na biyu: kuɗin fasa-ƙwauri da katafaren gida.

Gwanintar marubucin ita ce bai taɓa kai mu inda ake wannan cinikin ba. Sai tsegumin baƙi, sai kiran tarho a tsakiyar shagali. Masu ƙagen tarihi da suka biyo baya sukan cika shafi da bindigogi da kwalabe, asirin ya watse.

Amma an tauye Daisy. Kukan da ta sha daren jajibirin aurenta, riƙe da wasiƙa, daga bakin ƙawarta Jordan muke jin sa, ba daga nata ba.