Bazawara Biyu a Fada Ɗaya: Matsayin Diane de Poitiers a Cikin "La Princesse de Clèves"

A shekarar 1678 aka buga wani ƙagaggen labari a birnin Faris ba tare da sunan mawallafi ba. Daga baya manazarta suka daidaita a kan cewa Madame de La Fayette ce ta rubuta shi. Sunan littafin La Princesse de Clèves, wato Gimbiyar Clèves, kuma an gina shi a fadar Sarkin Faransa Henri na Biyu, cikin watannin ƙarshe na mulkinsa, tsakanin 1558 da 1559. Babbar tauraruwar labarin ƙagaggiya ce, ba ta taɓa rayuwa ba. Amma kusan duk waɗanda ke kewaye da ita mutanen tarihi ne, kuma macen da marubuciyar ta gabatar tun a layukan farko ita ce Diane de Poitiers, masoyiyar sarki, mai riƙe da sarautar Valentinois. Tun a shekarar da littafin ya fito, wasu masu tarke, cikinsu har da Valincour, suka koka da yawan tarihin fada da labaran gefe da aka cusa a cikinsa. Ra'ayina shi ne labarin Diane ba ratse ba ne. Idan aka cire shi, hukuncin da gimbiya ta yanke a ƙarshen littafin zai rasa ma'aunin da za a gwada shi da shi.

Kafin a shiga littafin, akwai wata 'yar matsala ta kalma. Ƙwarƙwara a fadojinmu baiwa ce mai matsayi a shari'a, ɗanta kuma yana iya gadon sarauta. Farka kuwa abin ɓoyo ce, ba a kai ta gaban jama'a. Diane ba ta shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba. 'Ya ce ta babban gida, addinin ƙasarta bai amince da zamanta da sarki ba, amma jakadun ƙasashe sun san ƙofarta, masu neman muƙami kuma ta wajenta suke bi. Don haka zan riƙa kiranta masoyiyar sarki, duk da cewa kalmar ta fi abin da take nufi laushi.

An haife ta a ƙarshen 1499 ko farkon 1500. A 1515 aka aurar da ita ga Louis de Brézé, babban jami'in sarki a lardin Normandi, wanda ya girme ta da kusan shekara arba'in. Ta haifa masa 'ya'ya mata biyu, Françoise da Louise. Da ya rasu a 1531 ba ta sake aure ba, kuma ta riƙe baƙi da fari, launukan takaba, a matsayin tufafinta. Shi kuwa Henri an haife shi a 1519, ya yi shekara huɗu na ƙuruciyarsa yana tsare a Sifen a madadin mahaifinsa, ya dawo yaro mara fara'a. An ɗaura masa aure da Catherine de Médicis a 1533, amma zuciyarsa tana wajen matar da ta ba shi kusan shekara ashirin. Da ya hau gadon sarauta a 1547 ya mallaka mata gidan sarauta na Chenonceau, a 1548 ya ba ta sarautar Valentinois.

A cikin littafin, mai karatu yana jin tarihin Diane ne daga bakin Madame de Chartres, mahaifiyar gimbiya. Yarinyar ce ta fara tambaya, cikin mamakin ƙuruciya, yadda sarki zai daɗe yana son matar da ta girme shi haka, wadda kuma ake cewa ta yi hulɗa da mahaifinsa da wasu maza. Uwar ta amsa da dogon labari wanda jigonsa shi ne cewa ba nagarta ko riƙon amana ne suka haifar da wannan soyayya ba, ba su ne kuma suka tsare ta ba. Ya kamata a lura da wanda ke magana da kuma dalilinsa. Madame de Chartres uwa ce da ta kawo 'yarta mai shekara goma sha shida cikin fada mai cike da makirci, ta kuma yi mata tarbiyya a kan tsoron maza da alkawuransu. Ba tarihi take karantarwa ba, gargaɗi take yi. Duk abin da zai sa Diane ta zama abin ƙyama a idon 'yarta, shi ta zaɓa.

A nan ne littafin ya zalunci Diane ta gaskiya. Uwar ta kawo labarin mahaifin Diane, Jean de Poitiers na Saint-Vallier, wanda aka samu da hannu a tawayen Charles de Bourbon, aka yanke masa hukuncin kisa, aka yi masa afuwa a 1524 yana kan dandamalin da za a sare kansa. Ta nuna cewa kyakkyawar 'yarsa ce ta samo afuwar daga Sarki François na Ɗaya, ta kuma bar hanyar da aka bi a dunƙule, irin dunƙulewar da ta fi fayyacewa yin ɓarna. Abin da masana tarihi suka fi dogara da shi shi ne cewa mijin Diane, wanda shi ne ya tona asirin tawayen tun farko, shi ya roƙi sarki ya bar surukinsa da rai. Amma jita-jitar ta fi gaskiyar daɗin ji, ta kuma yi tsawon rai. Victor Hugo ya ɗauke ta ya saka a wasansa Le roi s'amuse a 1832, inda tsoho Saint-Vallier ya fito yana la'antar sarki saboda mutuncin 'yarsa. Mace da ta rasu a 1566 ta ci gaba da biyan bashin laifin da babu shaidar ta aikata.

Abin da littafin ya bari a waje ma yana da yawa. Wasiƙun Diane da suka saura, waɗanda Georges Guiffrey ya tattara ya buga a 1866, ba su da zaƙin soyayya. Maganar filaye ce da kuɗi da muƙamai, da lafiyar 'ya'yan sarki, domin ita ce ke sa ido a kan renonsu, tana aika umarni ga masu kula da su. Catherine ta yi kusan shekara goma ba ta haihu ba, sai a 1544, daga nan ta haifi goma. Zaman sarauniya mara ƙarfi a ɗakinta ya fi wa Diane alheri fiye da a sake ta a kawo wata sabuwa mai jini a jika, don haka ba ta nemi raba auren ba. Ta aurar da 'yarta Louise a gidan Guise, Françoise kuma a gidan La Marck, ta ɗaure kanta da manyan gidajen ƙasar. Ta sa mai zanen gini Philibert de l'Orme ya gina mata Anet, ya kuma shimfiɗa gada a kan kogin Cher a Chenonceau. Tana da tsananin ƙiyayya ga Furotesta a zamanin da ake ƙona su. Ba na kawo waɗannan don in wanke ta. Mace ce mai son abin duniya, mai taurin zuciya ga abokan gaba. Sai dai wadda ke cikin wasiƙun ta fi wadda Madame de Chartres ta zana ban tsoro da kuma ban sha'awa, domin hankali ne jarinta, kyau ƙari ne kawai.

To, me ya sa nake cewa duk da wannan rashin adalci labarinta ya zama dole a littafin? Sai a dubi yadda ya ƙare. Gimbiya ta auri Yariman Clèves, mutumin kirki da take girmamawa ba tare da so ba. Ta kamu da son Nemours. Don ta tsare kanta, sai ta yi abin da ya girgiza masu karatu na wancan ƙarni har mujallar Mercure galant ta nemi ra'ayin jama'a a kansa: ta shaida wa mijinta cewa zuciyarta na wajen wani. Kishi ya cinye mijin har ya mutu. Hanya ta buɗe, ba shari'a ba al'ada da za ta hana ta auren Nemours, amma ta ƙi. Ta ba da dalili biyu. Na farko hakkin mijin da ya mutu saboda su. Na biyu, wanda ta fi tsayawa a kansa, tsoron cewa son namiji ba ya daɗewa bayan ya samu abin da yake nema, kuma shingen da ke tsakaninsu ne ya sa Nemours ya dage.

Wannan dalili na biyu karatun uwarta ne. Amma a cikin littafin kansa akwai shaida guda da ke ƙaryata shi, ita ce Diane. Ga namiji, sarki ma kuwa, wanda duk matan fada ke hannunsa, ya samu abin da yake nema tun fiye da shekara ashirin da suka wuce, son kuma bai ragu ba. Marubuciyar ta nanata haka tun daga shafin farko. Ta nuna shi yana kishin Brissac har ya tura shi mulkin Piémont don ya nisanta shi, ta nuna shi yana rigima da Diane a kan zoben da ya ba ta bai gani a hannunta ba. Uwa ta kawo labarin don ta ce wa 'yarta kada ki zama kamar wannan. Labarin kuwa yana faɗin wani abu dabam da ya fi daci: soyayyar da ta daɗe a wannan fada ita ce wadda ba a ɗaura mata aure ba, wadda kishi da rashin tabbas ke hura wa wuta. Idan haka ne, gimbiya ta yi gaskiya da ta ji tsoron aure, amma ba don maza ba su iya dagewa ba. Suna dagewa ne ga wadda ba su taɓa mallaka gaba ɗaya ba. Hanyar riƙe Nemours ita ce hanyar Diane, ita kuwa gimbiya ba za ta iya binta ba.

La Fayette ta ɗinke matan biyu da zare mai siriri a wajen gasar sukuwa da māsu ta ƙarshen watan Yuni 1559. Sarki ya fito da baƙi da fari, launukan zawarcin masoyiyarsa, kowa ya san ma'anarsu. Nemours ya fito da rawaya da baƙi, aka yi ta neman dalili ba a gano ba, sai gimbiya kaɗai ta tuna ta taɓa cewa tana son rawaya. So ɗaya a bainar jama'a, ɗaya a ɓoye, a fili guda, a rana guda. A ranar ce tsinin mashin Montgomery ya shiga idon sarki, ya rasu ranar 10 ga Yuli.

Wurin da na fi ganin gwanintar marubuciyar shi ne faɗuwar Diane, domin a nan ta ƙwace alƙalami daga hannun Madame de Chartres, ta bar matar ta yi magana da kanta. Sarki na kwance, sarauniya ta hana Diane shiga, ta aika a karɓo kayan adon sarauta da ke hannunta. Diane ta tambaya ko sarki ya cika. Da aka ce da saura, sai ta amsa cewa ashe har yanzu ba ta da mai ba ta umarni. Ba a ba ta fiye da 'yan layuka ba, amma mutuncin da ke cikinsu ya rushe rabin abin da uwar ta gina. Daga nan aka kore ta daga fada. A tarihi, Catherine ta karɓe Chenonceau ta ba ta Chaumont a madadinsa, Diane kuma ta koma Anet.

Sai littafin ya ƙare da bazawara ta biyu tana barin fada. Gimbiya ta raba shekararta tsakanin gidan mata masu ibada da gidanta, ba ta daɗe a duniya ba. Ɗaya korarta aka yi, ɗaya ita ta kori kanta. Amma dukansu sun gane abu guda game da ƙasarsu: budurwa tana ƙarƙashin uba, matar aure tana ƙarƙashin miji, bazawara mai dukiya ce kaɗai ke riƙe da ragamar kanta. Diane ta yi shekara talatin da biyar tana tsaron wannan matsayi, ta mai da takaba tutar mulki. Gimbiya ta tsare shi don abin da ta kira kwanciyar rai. Masu karanta ƙin auren Nemours a matsayin tsantsar nagarta suna mantawa cewa ita kanta ta amsa cewa hakkin mamaci ba zai ishe ta ba in ba don tsoron wahalar kishi ba. Akwai lissafi a cikin hukuncinta, kuma a duk littafin babu wadda ta fi Diane iya irin wannan lissafi. Ba kuma zan manta cewa La Fayette ta yi rubutun ne a zamanin Louis na Sha Huɗu ba, lokacin da Madame de Montespan ke zaune a irin kujerar Diane, don haka masu karatun farko ba labarin dā kaɗai suke gani ba.

Inda nake ganin gazawar littafin shi ne jiki. Ya ce Diane tana ado kamar jikarta, ya wuce, kamar dai kyawunta baiwa ce da ba ta da farashi. Brantôme, wanda La Fayette ta ɗebi abubuwa da yawa daga rubuce-rubucensa, ya ce ya gan ta wata shida kafin rasuwarta tana nan da kyanta, ya kuma ambaci cewa ana faɗin tana shan wani haɗi mai ruwan zinariya kowace safiya. A 1795 'yan juyin juya hali suka fasa kabarinta a Anet suka jefa gawar a ramin gama-gari. A 2008 aka tono ƙasusuwan, aka gane ta da karayar ƙafa da ta samu a ƙarshen rayuwarta. Binciken da aka buga a 2009 ya sami zinariya a gashinta da ta ninka ta jikin mutum kusan sau 500, adadin da ke nuna guba ta daɗe tana cin ta. A watan Mayu na 2010 aka mayar da ita kabarinta na asali.