BABI NA HUƊU: WAIWAYE A KAN FIM ƊIN ANNIE NA 1982, DAGA LABARIN ZANE ZUWA RAWA DA WAƘA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an tattauna zargin da ake yi wa finafinan Hausa cewa waƙoƙin da ke cikinsu ado ne kawai da aka aro daga Indiya, wanda ko an cire shi labari ba zai girgiza ba. A wannan babi za a ɗauki wani tsohon fim na Amurka mai suna Annie don a auna wannan magana. An zaɓe shi ne saboda dalilai biyu. Na farko, asalinsa labarin zane ne na jarida wanda ba shi da sauti ko kaɗan, don haka duk abin da waƙa ta ƙara masa a fili yake. Na biyu, tauraruwarsa marainiya ce, wadda Bahaushe ya daɗe da saninta a tatsuniya.

4.1 Asalin Labarin

Harold Gray ne ya ƙirƙiro labarin Little Orphan Annie, aka fara buga shi a jaridar Daily News ta New York a 1924. Ya ci gaba da zana shi har rasuwarsa a 1968, wasu suka ɗora har aka dakatar da shi a 2010. Annie ta Gray yarinya ce mai jar suma wadda ke yawo da karenta Sandy, tana aikin ƙarfi tana ci da kanta. Mai riƙonta, attajiri Oliver Warbucks, yakan ɓace ya bar ta da duniya. Jigon labarin shi ne dogaro da kai. Gray ya tsani shirin tallafin gwamnati na Shugaba Franklin Roosevelt, wato New Deal, har ta kai ya kashe Warbucks a cikin labarin a 1944, bai dawo da shi ba sai bayan mutuwar Roosevelt a 1945.

A 1977 aka mayar da labarin wasan dandamali mai waƙe-waƙe, Charles Strouse ya tsara kiɗa, Martin Charnin ya rubuta baitoci. Daga wannan wasa ne kamfanin Columbia ya shirya fim a 1982, John Huston ya ba da umarni. Aileen Quinn ta fito a matsayin Annie, Albert Finney a matsayin Warbucks, Carol Burnett kuwa ta fito a matsayin Miss Hannigan, mashayiyar da ke kula da gidan marayu.

4.2 Zubi da Tsari

An gina fim ɗin a kan shekarar 1933, lokacin da karayar tattalin arziki ta raba kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka da aikinsu. An ɗauko Annie daga gidan marayu don ta yi mako guda a gidan Warbucks, saboda a gyara sunansa a idon jama'a. Da ta shiga ransa sai ya so ya riƙe ta, ita kuwa ta ce iyayenta take jira. Ya sa ladan Dala 50,000 ga wanda ya tabbatar shi ya haife ta. Nan ne ɗan'uwan Miss Hannigan, Rooster, da budurwarsa suka yi shigar iyaye suka sace ta.

Labarin zane ba ya ƙarewa, domin dole gobe mai karatu ya sake sayen jarida. Fim kuwa sai ya tuƙe cikin sa'o'i biyu. Wannan ne ya tilasta a ɗaure labarin da igiya ɗaya, wato neman iyaye, kuma shi ya fara raunana Annie: wadda a jarida take ceton kanta, a ƙarshen fim tana lilo a saman gada, sai da Punjab, dogarin Warbucks, ya sauko daga jirgi mai saukar ungulu ya cece ta.

4.3 Waƙa a Matsayin Tubalin Jigo

Fitowa mafi muhimmanci ita ce ta Fadar Shugaban Ƙasa. Roosevelt ya nemi Warbucks ya ba da hannu a shirinsa, Warbucks ya turje. Babu wata hujja da aka kawo da ta karya musunsa. Annie ce ta tashi ta rera waƙar Tomorrow, wadda ke ɗauke da fatan gobe za ta fi yau, shugaba ya sa kowa ya amsa, har da attajirin. Ashe ke nan, abin da Gray ya shafe shekaru yana yaƙa da alƙalami, waƙa ɗaya ta miƙa wa abokin gabarsa, da bakin 'yar da shi ya ƙirƙira. Idan aka cire wannan waƙa, fitowar ba ta da mafita, domin ita ce ta yanke hukunci.

Waƙar da aka cire ma tana da abin faɗa. A wasan 1977 akwai wadda marasa matsuguni ke rerawa a unguwar bukkoki, suna yi wa tsohon Shugaba Herbert Hoover gugar zana. Fim ya yar da ita, ya kawo wata sabuwa inda Warbucks ya kama gidan sinima na Radio City gaba ɗaya don Annie ta yi kallo. Sakamakon haka, mai kallo yana jin labarin talauci amma ba ya ganin talakawa sai marayu, su ma suna wankin daɓe cikin tsalle da alkafura. Haka nan fim ɗin da suka kalla, Camille, bai fito ba sai 1936, shekara uku bayan lokacin labarin, wanda ya nuna an fifita ƙawa a kan tarihi.

4.4 Annie da Marainiyar Tatsuniya

Yaron da ya tashi a gari irin Aujara ta ƙasar Jahun ba zai ga baƙon abu a wahalar Annie ba, domin ya ji tatsuniyar 'yar bora da aka tura wanki ruwan Bagaja ta dawo da dukiya. Miss Hannigan tana tsaye ne a gurbin muguwar kishiyar uwa. Sai dai akwai bambanci. 'Yar bora tana samun arziki ne bayan ta ci jarrabawar ladabi da haƙuri a hanya, an kuma gwada 'yar mowa da ita ta faɗi. A fim ɗin, sa'a da wayo ne suka fitar da Annie, sauran marayun kuwa ba su gaza a komai ba, amma ita kaɗai aka riƙa. Fim ɗin bai amsa tambayar makomarsu ba, ya rufe ta da wasan wuta da rawa. Wannan shi ne babban rauninsa.

Ana iya yin irin wannan awo ga finafinan Kano kamar Sangaya na 1999, inda 'yar aiki ta sami shiga zuciyar ɗan sarki: a duba ko waƙa ce ta warware abin da zance ya kasa warwarewa.

4.5 Naɗewa

An ga yadda labari ɗaya ya tashi daga wa'azin dogaro da kai ya koma yabon tallafin gwamnati da alherin attajiri, kuma waƙar da aka sa da wadda aka cire su ne suka yi wannan aiki. Saboda haka bai kamata manazarcin fim ɗin Hausa ya tsallake waƙa ya ce ya gano jigo ba. Babi na biyar zai yi amfani da wannan ma'auni a kan finafinan da aka zaɓa.