Jinjina ga masu barkwancin ofis

Manomin Kankiya ko Kusada da taki bai iso masa ba har damina ta yi nisa, ba shi da hanyar sanin inda takardarsa ta maƙale. Ko kwamishina ne ya yi alkawarin da ba a sa a kasafi ba, ko babban sakatare ne ya danne fayil a aljihun tebur? 'Yan wasan kwaikwayo masu barkwancin siyasa ne ke buɗe masa wannan ƙofa, shi ya sa suka cancanci jinjina. Aikin yana cin lokaci. Sai mutum ya daɗe yana nazarin tafiyar manya, da irin "za mu duba" ɗin da ke nufin an binne magana, kafin ya iya kwaikwayonsu har jama'a su gane. A Ingila, shirin Yes Minister da BBC ta fara nunawa a 1980 ya tsaya kacokan kan wannan ja-in-ja, tsakanin minista Jim Hacker da babban sakatarensa Sir Humphrey. A nan gida, Usman Baba Pategi ya yi wa barikin soja irin wannan hidima da Samanja.

Wasu na cewa wannan raina shugabanni ne. Amma ai wasan gauta a cikin fada aka saba yinsa, ana kwaikwayon sarki da hakimansa, sarkin kuma na kallo yana gano abin da fadawa ba za su iya faɗa masa ba. Ma'aikaci mai gaskiya ma yana amfana, domin wasan barkwancin kan nuna ranar da ya ƙi sa hannu a kwangilar bogi, aka yi masa canjin wurin aiki saboda haka.